Yadda Ake Yi wa Baƙo Kwatance a Birnin Kano

Ranar sunan 'yata ta biyu, gwaggona ta taso daga Gumel tun da asuba. Da daddare mun yi waya, na ce mata: "Gwaggo, in kin sauka a tasha ki ce wa mai adaidaita ya kai ki Sabon Titi, zan tsaya miki a bakin hanya." Ni Sabon Titin Mandawari nake nufi, domin a nan na tashi, ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wani ba. Mai adaidaita kuwa ya ɗauke ta sai Sabon Titin Fanshekara. Ga tsufa, ga ƙullin daddawa da kuka da ta riƙo wa mai jego, ga cajin wayarta ya ƙare a hanya. Ba mu sa ta a ido ba sai bayan la'asar, wani bawan Allah mai shago ne ya sa mata caji ta kira. An raɗa suna tun da safe, an ci an watse. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta sha ruwa sai ta ce, "Ɗan nan, garin naku ya yi girma." Har yau in na tuna maganar nan sai na ji ba daɗi.

Tun daga ranar na ɗauki kwatance da muhimmanci. Kano gari ne da akasarin gidajensa ba a neman su da lamba. Akwai unguwannin da aka yi wa lamba da sunan layi, kamar Nasarawa da Bompai da rukunin gidajen Kundila, amma mafi yawanmu da baki ake zuwa gidajenmu. Baƙo kuwa makaho ne ko da idonsa biyu, kai ne ɗan jagoransa. Ga yadda nake yi yanzu, daki-daki.

Fara da tambaya kafin ka fara bayani

Kuskuren da muka fi yi shi ne mu fara kwatance daga ƙofar gidanmu. Mutum yana Unguwa Uku da jakarsa, kai kana ba shi labarin wata bishiyar darbejiya da ke lungunku. Abin da ya kamata ka fara ji daga bakinsa abu uku ne: daga ina zai shigo, a me zai zo, kuma ina ya sani a Kano.

Ta ukun ita ce babba. Kusan duk wanda ya taɓa shigowa garin nan yana da wuri ɗaya da ya riƙe. Ɗan kasuwa ya san Kwari ko Singa ko Wambai. Wanda ya taɓa jinya ya san Asibitin Malam ko na Murtala ko Asibitin Ƙashi na Dala. Tsohon ɗalibi ya san Kabuga. Manomi ya san Dawanau. To nan za ka kafa turkenka, duk abin da za ka faɗa daga baya a jikinsa za ka ɗaura shi. In ya ce bai san ko'ina ba, kada ka wahalar da shi da sunaye. Ka ce ya miƙa wa direban wayar, ku yi magana ɗan gari da ɗan gari.

Abin hawan ma yana canja kwatance. Mai motar kansa yana bukatar sanin inda zai sha kwana, da ko zai hau gada ko zai bi ta ƙarƙashinta. Wannan ya zama wajibi yanzu da gadoji suka yi yawa: a Dangi ko Ƙofar Nasarawa, hawa gada a inda ya kamata ka bi ƙasa yana iya kai ka wata unguwa daban kafin ka sami wurin juyowa. Wanda zai hau adaidaita kuwa abu biyu kawai yake bukata, sunan da zai faɗa wa direba da wurin da zai ce a sauke shi. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, adaidaita ce ƙafar talaka a Kano, kuma yawancinsu hanya ɗaya suke bi suna ɗauka suna saukewa. Saboda haka ka gaya wa baƙonka ko hawa ɗaya zai yi ko biyu, da inda zai canja. In da kaya ko tsoho ne, ka ce ya ɗauki shata kawai, kai ka biya.

Ciki ko waje

Mataki na biyu, ka raba masa garin gida biyu. Bakano in ya ce "cikin gari" yana nufin abin da ke cikin badala, tsohon birni. Sauran duk waje ne, ko da kuwa Fagge ce da ke manne da ganuwa. Ganuwar nan Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Yau mafi yawanta ta zube ko an yi gini a kanta, abin takaici ne ƙwarai, amma a bakin mutane tana nan daram. Har gobe da ƙofofinta ake auna gari.

Don haka in gidanka a cikin gari yake, ka zaɓar wa baƙo ƙofar da zai shigo ta ita. Wanda bai haddace jerin ƙofofin ba ya daure ya haddace, ba su da wuya. In ka taso daga Gidan Murtala ka ɗauki titin da ya nufi Jami'ar Bayero, badala tana hannunka na dama: Sabuwar Ƙofa, Ɗan Agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya, sai Kabuga. In ka ci gaba da zagayawa akwai Kansakali, Waika, Dawanau, Ƙofar Ruwa, Mazugal, Wambai, Ƙofar Mata, ka dawo Ƙofar Nasarawa. Guda 15 ke nan. Mai zuwa Kurmi ko Asibitin Murtala ko marina, Ƙofar Mata ce tasa. Mai zuwa gidan Sarki ko Gidan Makama, Ƙofar Nasarawa ta fi masa sauƙi. Da zarar ka ambaci ƙofa, ka rage wa mai adaidaita rabin tunani.

A waje kuma manyan hanyoyin da suka fita gari su ne ƙashin bayan kwatance, kowacce da unguwanninta a jere kamar carbi. Titin Zariya: in kana shigowa za ka wuce Na'ibawa da 'Yan Lemo, Unguwa Uku, Asibitin Malam, Gadar Lado, sannan Dangi, inda Titin Gidan Zu ya ɓalle ta hagu. Titin Katsina, in kana fita: Kurna, Rijiyar Lemo, Bachirawa, Mil Tara, Dawanau. Titin Gwarzo: Kabuga, Janbulo, Rijiyar Zaki, sabon matsugunin Jami'ar Bayero. Titin Maiduguri ya bi ta Hotoro zuwa Mariri, na Haɗeja ya bi ta Yankaba. Amfanin jerin shi ne ka iya gaya wa baƙo abin da zai gani kafin wurin saukarsa, da abin da in ya gani ya san ya zarce. "In ka ga Bachirawa ka wuce mu, sauka ka tsallaka ka dawo." Jimlar nan guda ta fi dogon bayani amfani, kuma mutane ba su cika faɗarta ba.

Kira wuri da sunan da ke bakin mutane

Nan ne masu ilimin boko suka fi tuntuɓe. Kusan kowane babban wuri a Kano suna biyu gare shi, na jikin allo da na baki. A takarda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ne, a titi Asibitin Malam. Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, kowa Asibitin Nasarawa ya sani. Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi ita ce kasuwar Sabon Gari, kuma ka yi hattara, in ka gajarta ka ce "kasuwar Rimi" to wata kasuwa ce daban a cikin gari, can za a kai baƙonka. Gwamnatoci suna canja wa tituna suna don girmama manyan mutane, ba laifi ba ne, sai dai bakin jama'a ba ya saurin bin allo. Ka faɗi na baki tukuna. In baƙon mai tuƙi ne da zai riƙa karanta alluna, sai ka ƙara masa da na takarda.

Wani abin da ke rikita baƙo shi ne sunan yana nan, mai sunan ya daɗe da tafiya. Bata sunan kamfanin takalma ne da ya yi kanti a wurin. Singa daga kamfanin keken ɗinki na Singer ta samo suna, yau kuwa kayan masarufi ake sayarwa a can. Tal'udu kamfanin gine-gine ne na Turawa, Taylor Woodrow, harshen Bahaushe ya murza shi har ya zama namu. Babban kantin Ado Bayero da ke Titin Gidan Zu har yanzu wasu Shoprite suke ce masa, alhali kamfanin ya tashi. Sabuwar Ƙofa tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka buɗe ta, Sabon Gari kuma ya haura shekara 100. Saboda haka in ka ce wa baƙo ya sauka a Tsamiyar Boka ko Rijiyar Zaki, ka gaya masa suna ne kawai, kada ya tsaya neman tsamiya ko rijiya. Na taɓa ganin wani dattijo ya ƙi sauka daga adaidaita a Ɗorayi Ƙarshen Waya, yana cewa ai ga wayar wuta can ta ci gaba. Gaskiyarsa ce. Unguwar ce ta girma ta bar sunanta a baya.

Ina son sunayen cikin gari ƙwarai, domin duk wanda ya saurare su da kyau tarihin garin yake ji. Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a zamaninsa na 1463 zuwa 1499, ta jawo fatake daga ko'ina, kowane ayari ya sauka ya bar sunansa. Zangon Barebari na mutanen Barno ne, Tudun Nufawa na Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, Agadasawa ta mutanen Agadas. Dandalin Turawa ba Turawan Ingila ake nufi ba, Larabawan arewacin Afirka ne da aka fara kira da wannan suna, Alfindiƙi ma daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta fito. Wasu kuma sana'a ce ta raɗa musu: Soron Ɗinki, Dukawa, Lokon Maƙera. Wannan ba hira ce kawai ba, tana da amfani a kwatance. Baƙo ya fi riƙe sunan da aka ba shi dalilinsa. Ka ce masa "Janbulo, wato gidajen jan bulo," ko "Mil Tara, mil tara daga gari," ba zai manta ba ko da wayarsa ta mutu.

Cika sunan, kada ka gutsure shi

Wannan shi ne darasin da gwaggona ta saya mini da wuninta. Sunaye da yawa a Kano tagwaye ne, wasu ma 'yan uku. Sabon Titi biyu na ambata. Hausawa akwai ta Titin Gidan Zu, akwai ta cikin gari. Zango akwai na cikin gari, akwai Zangon Barebari, akwai Zangon Dakata. Tudun Wada akwai ta nan wajen Birged, akwai kuma ƙaramar hukuma guda can kudu a hanyar Jos, tafiyar sa'o'i. Dawaki akwai ta Kudu, akwai ta Tofa, akwai Dawakin Dakata. Nasarawa kaɗai tana iya zama ƙofa, ko unguwa, ko asibiti, ko ƙaramar hukuma.

Tudu kuwa ba a magana: Tudun Murtala, Tudun Yola, Tudun Maliki, Tudun Fulani, Tudun Wazirci, kowanne a kusurwarsa. Haka Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki, ɗaya a hanyar Katsina ɗaya a hanyar Gwarzo, ga Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu a cikin gari. Abin yana tuna mini da tsibiran Tafkin Chadi, inda ake da Tumbun Rago da Tumbun Gini da sauran tumbuna: wanda ya ce wa mai jirgin ruwa "kai ni Tumbu" bai ce komai ba. Mu ma nan haka ne, rabin suna ba suna ba ne.

Sannan manyan unguwanni sun hayayyafa. "Ina Hotoro" ba kwatance ba ne, sai ka ce Ɗan Marke ko Tsamiyar Boka ko wajen Difo. Ɗorayi akwai Babba akwai Ƙarama. Kurna akwai Asabe akwai Babban Layi. Dabarar da nake bi ita ce na haɗa suna da maƙwabcinsa: "Sabon Titi na Mandawari," "Hausawa ta Gidan Zu." Sai kuma na sa baƙon ya maimaita mini da bakinsa. In kunya ta hana ka sa babba ya maimaita, ka ce, "Baba, me za ka ce wa mai adaidaitar, don in ji ko na faɗa daidai?" Ka ɗora laifin a kanka, shi kuma ya faɗa ba tare da ya ji an raina shi ba.

Daga bakin titi zuwa ƙofar gida

Duk abin da ya gabata mai sauƙi ne. A taku ɗari biyun ƙarshe ake ɓata.

Da farko ka tsayar da baƙon, ka juya shi. Dama da hagu ba su da ma'ana sai an san inda mutum ya sa gaba. Kada ka ce "lungun yana hannun dama" ka yi shiru. Ka ce, "In ka sauka, ka ba gidan man baya, ka fuskanci masallaci, to lungun yana damanka." Dattawanmu sun fi mu dabara a nan, su da gabas da yamma suke kwatance: ka yi kudu, gida na uku mai kallon gabas. Irin wannan ba ya canjawa ko ta ina mutum ya ɓullo. Kuma Musulmi ba ya rasa gabas a Kano, ya dubi inda masallacin unguwa ya fuskanta kawai. Sai dai a sani, alƙiblarmu ta ɗan karkata arewa, ba daidai take da mafitar rana ba, amma don neman gida wannan bai hana komai ba. In baƙonka dattijo ne yi masa da gabas da yamma. In matashi ne haɗa masa duka biyun, don da yawa daga yaran yanzu sai sun tsaya sun yi kamar za su ta da kabbara kafin su gane kudu.

Na biyu, zaɓi alamar da ba ta tashi. Mai shayi alama ce da safe da daddare, da rana teburi ne a kife. Mai ƙosai tana tashi da hantsi. Mai lemo yana bin inuwa. Motar da kullum ake ajiyewa a ƙofar gidan maƙwabci, ranar da baƙonka zai zo ranar za a kai ta gareji. Abin dogaro shi ne masallacin Juma'a, makarantar firamare, taransifoma, tankin ruwa, famfon tuƙa-tuƙa, kwalbati, maƙabarta, ofishin 'yan sanda, gidan mai unguwa. Masallacin khamsu salawati shi kaɗai ba ya isa, don a layi ɗaya sai ka ƙirga uku. In za ka ambace shi ka faɗi kalar fentinsa ko ka ce mai bene ne. Haka kemis da shagon caji da mai POS, sun yi yawa har sun daina zama alama. Launin ƙofa ma a yi hankali da shi. "Baƙin get" a sabuwar unguwa kusan kowane gida ne.

Na uku, ƙirga. "Ka ɗan taɓa tafiya kaɗan" ita ce jimlar da ta fi kowacce ɓatar da mutane, ita da 'yar'uwarta "nan kusa ne." Kusan ɗan unguwa nisan baƙo ne. Ka ce lungu na uku, kuma ka fayyace ko ana lissafawa da ɗan siririn da ba ya ɓullewa. Ni nakan fita da kaina na taka hanyar kamar yau na fara ganinta, ina ƙirga kwanoni, domin ƙafar da ta saba hanya ba ta lissafi. Ran da na fara yin haka na tarar shekara da shekaru ina ce wa mutane kwana biyu ne zuwa gidanmu, ashe uku ne, ta farkon ce ban taɓa ɗaukarta kwana ba.

A cikin gari kuwa, irin su Yakasai da Sheshe da Ƙoƙi da Madabo, akwai lungunan da ko adaidaita ba ta shiga, wani ma mutum biyu ba sa jerawa. Lungu ya yi kamar ya ƙare a jikin bango, sai ka matsa ka ga ya lanƙwasa. Wani kuma ka ɗauka hanya ce, ashe zauren gidan mutane ne. Shawarata a nan ɗaya ce: in kwanonin sun wuce uku, daina kwatance. Ka tsayar da baƙon a wuri sananne a bakin titi, ka fito ko ka tura yaro. Tura yaro tarye ba gazawa ba ce, karramawa ce, haka muka taso muka ga ana yi.

Ba shi sunan da unguwa ta san ka da shi

Ko kwatance ya yi kyau yaya, ƙarshensa tambaya ce, matambayi kuwa ba ya ɓata in ya san abin da zai tambaya. Sunan da ke jikin katin aikinka sau da yawa ba wanda ya san shi a layinku. An san ka da sana'arka, ko garinku na asali, ko laƙabin yarinta, ko sunan mahaifinka. A cikin gari gida yana amsa sunan kakan da ya rasu shekara 40 da suka wuce, kuma da wannan sunan kaɗai za a nuna shi. To shi za ka bayar, ko da ba ka cika son laƙabin ba.

In mace ce za ta zo wurin matar gida, a ba ta sunan yaran gidan. Matan aure da yawa ba a san sunansu na yanka a unguwa ba, sai Maman wane ko Amarya ko Anti. Yaran da ke wasa a layi kuwa ba su san maigida ba, amma ka ambaci abokinsu na makarantar allo, da gudu za su kai ka har tsakar gida. Namiji baƙo kuma a tuna masa ya tsaya a ƙofa ya aika yaro ya ce ana sallama da maigida. Wanda ya zo daga inda ba a wannan al'ada ba zai sani ba sai an gaya masa, kuma kai ne za ka ji kunya in ya faɗa kai tsaye.

Shi ma mai tambaya akwai nasa ladabin. Ya sauka daga abin hawa, ko aƙalla ya sauke gilashi ya kashe waƙa. Ya yi sallama, ya gaisa, sannan ya ce, "Baba, don Allah tambaya nake." Ya nufi dattawan da ke kan dakali, ko tela, ko mai kanti, mutanen da suke zaune a wurin kullum. Ya kuma faɗi abin da ya kawo shi: suna na zo, ta'aziyya na zo, ni ƙanin matarsa ne daga Haɗeja. Yanayin tsaro ya sa mutane sun fara ɗari-ɗari da mai neman gidan wani ba dalili, ban kuma ga laifinsu ba. Da sun ji dalili sai ka ga har an tashi wani ya raka shi.

Lokaci da waya

Kwatancen da ya yi aiki ranar Talata yana iya ƙin aiki ranar Juma'a. Daga wajen ƙarfe 12 zuwa bayan an sauko, titunan da ke gaban manyan masallatai a rufe suke ko a cunkushe. Ranakun hawan Salla, hanyoyin da ke kewaye da gidan Sarki ba sa biyuwa da mota. Da damina akwai layin da ruwa ke kwanciya kwana biyu. Da daddare in ba wuta, koren fenti da shuɗi duk ɗaya ne. Ka tambayi baƙo yaushe zai iso, ka gyara kwatancen ya dace da lokacin.

Tura wuri ta WhatsApp yana taimako, ina amfani da shi. A unguwannin da aka yanka filaye da tsari yakan kai mutum har ƙofa. A cikin gari kuwa yakan ajiye shi a bayan katangarka, ta wani lungu da sai ya yi zagayen minti goma kafin ya zo gaba. Abin da ya fi shi ne ka je bakin titi inda kake so ya sauka, ka tura masa daga can. Sannan ka rubuta kwatancen a saƙo, kada ka bar shi a murya kaɗai, don ya iya nuna wa wani. Ga irin wanda nake turawa:

"Daga Unguwa Uku ki hau adaidaita mai zuwa Kabuga. Ki ce a sauke ki a Ƙofar Na'isa. In kin ga Gadon Ƙaya an wuce. Ki tsaya a bakin ƙofar ta ciki, kada ki shiga ko'ina, yaro zai zo da riga ruwan toka, zai kira sunanki. In waya ta mutu ki tambayi gidan Malam wane mai goro. Ga lambar maƙwabcina ko tawa ba ta shiga."

Ga tsoho ko wanda ba ya karatu, ka sa wani a gidansu ya kwafe saƙon a takarda tun kafin ya taso, ya sa a aljihu. Takarda ba ta bukatar caji.

In baƙo ya gama abin da ya kawo shi, kada ka sallame shi a zaure. Taka masa har titi, ta hanyar da ya shigo, ba ta wata gajeriya da kai ka sani ba. Kuna tafe kana nuna masa: ga taransifomar da na ce, ga kwalbatin, wannan shi ne lungun da ba ya ɓullewa. Da kun fito ka tsayar masa da adaidaita da kanka, ka gaya wa direban tashar da zai kai shi da cikakken sunanta, ka ji kuɗin a gabanka. Bara da gwaggo ta sake zuwa haka na yi mata, muna isa bakin titi ta riga ni magana, ta leƙa ta ce wa yaron, "Ɗan samari, tashar motar Gumel za ka kai ni, ta hanyar Haɗeja."